Tambaya: me ya sa ake jera fallayen fiyezo hawa-hawa a kan na'urar sikanin?

Ɗalibi_ƘofarMarusa

Assalamu alaikum malamaina. Ina aikin kammala karatu a fannin lantarki nan Katsina, kuma abin da zan rubuta a kai shi ne kan na'urar sikanin, wato abin da ake ɗorawa a cikin mai juna biyu ko a ƙirji. Na fahimci cewa PZT, wato tangaran ɗin fiyezo da ke cikin kan, shi ne ke mai da wuta sauti, ya kuma mai da amsa-kuwwa wuta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wasu masu ƙira suna raba PZT ɗin falle uku ko biyar su jera hawa-hawa, alhali kaurin gaba ɗaya bai canza ba. Me aka ci riba? Kuma shin wannan ɗaya yake da fallayen da ake mannawa a gaban PZT ɗin? Ina neman bayani da alƙaluma, da shawarar abin da za a iya haɗawa a gwada a ɗakin gwajin makaranta. Allah Ya saka da alheri.

Injiniya_Katsinawa

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba ɗaya ba ne, matsaloli biyu ne daban. Fallayen gaba suna warware matsalar sauti, raba PZT kuma yana warware matsalar lantarki. Zan ɗauki ta sautin, domin in ba ka gane ta ba, ta biyun ba za ta zauna maka ba.

Imfidans na sauti, wato yadda abu ke turje wa wucewar sauti, da MRayl ake auna shi. Na PZT-5H, wani nau'in PZT, wajen MRayl 34 ne, na naman jikin mutum kuwa wajen 1.5. In ka manna su kai tsaye, lissafin shi ne (34 − 1.5) a raba da (34 + 1.5), a ninka sakamakon da kansa, ka samu 0.84. Kashi 84 cikin ɗari na ƙarfin sautin ya koma ciki ke nan, yana kai da komo a cikin PZT ɗin. Hasara biyu ce: sauti kaɗan ya shiga jiki, bugun kuma ya yi doguwar jela. Dogon bugu shi ke haɗe abubuwa biyu da ke kusa da juna su fito kamar ɗaya. A MHz 3, da gudun sauti mita 1540 a daƙiƙa, tsawon igiya milimita 0.51 ne. Bugu mai zagaye biyu zai bambance abubuwan da ke da tazarar rabin milimita, mai zagaye shida kuwa sai milimita ɗaya da rabi.

Maganin shi ne a sa fallayen sulhu tsakani, kowanne kaurinsa rubu'in tsawon igiyar da ke cikinsa. Da ƙa'idar da Desilets, Fraser da Kino suka fitar a 1978, in falle biyu ne, na ciki ya zama wajen MRayl 8.9, na waje wajen 2.3. A aikace na ciki efoksi ne da aka cuɗa da garin alumina, ko kuma girafayit. In gudun sauti a cikinsa mita 2900 ne, kaurinsa ya kama milimita 0.24. Na waje roba ce mai tauri ko efoksi zalla. EPO-TEK 301 da aka fi sani yana da MRayl 3 da gudun mita 2650, ya ɗan fi abin da lissafi ya nema, amma ana aiki da shi, kaurin milimita 0.22. Kada ka dogara da gudun da ke rubuce a takarda. Ka zuba ɗan samfuri daga kwaɓin da ka yi, ka auna gudunsa, sannan ka goge fallen zuwa kaurin da ya dace, domin garin alumina yakan kwanta ƙasa kafin efoksi ya daskare.

A baya kuma akwai majingina, galibi efoksi da garin tungstin. Aikinta ta shanye sautin da ya nufi baya kada ya dawo. In ka yi ta da nauyi, bugu ya gajarta amma ƙarfi ya ragu. In ka yi ta shakaf, ƙarfi ya ƙaru jela ta tsawaita. Masu jerin ƙwayoyi, wato kan da aka tsaga PZT ɗinsa ƙanana-ƙanana, sun fi karkata ga mai sauƙi, su bar fallayen sulhu su yi aikin gajarta bugun. Can gaba kuma robar silikon ce mai tudu. Sauti yana tafiya a cikinta da wajen mita 1000 a daƙiƙa, ƙasa da na jiki, shi ya sa tudun ke tattara sautin wuri ɗaya.

Sai yanka. Ana haɗa fallayen duka, sannan a tsaga da zarto mai lu'ulu'u, faɗin tsagi maikiron 20 zuwa 50, su fito kamar haƙoran mataji. Ga kan duba zuciya, wanda ke karkata sauti hagu da dama ta lantarki, tazarar tsakiyar ƙwaya zuwa tsakiyar ta kusa kada ta wuce rabin tsawon igiya, wato milimita 0.25 a MHz 3. In ta wuce, sauti ya fitar da reshe a gefe, abin da ke gefe ya bayyana a inda ba ya nan. Faɗin ƙwaya kuma kada ya wuce wajen 0.6 na kaurinta, in ba haka ba kaɗawar gefe ta shigo cikin firikwansin aiki. Shi ya sa kan duba ciki mai lanƙwasa, wanda ƙwayoyinsa ke da faɗi, ake sake tsaga kowace ƙwaya biyu a haɗa su da waya ɗaya.

Malama_Fiziks

Injiniya ya share fage. Ga amsar ainihin tambayarka, ɗana.

Ɗauki ƙwaya ɗaya daga kan duba zuciyar nan: faɗi milimita 0.2, tsawo milimita 14, kauri milimita 0.5. A firikwansin aiki, ma'aunin dayalektirik na PZT-5H wajen 1470 ne. Kafasitans ya fito wajen pF 73, imfidans na lantarki a MHz 3 kuma wajen om 730. To na'urar da ke aika bugu da kebul ɗin an gina su ne a kusa da om 50. Ka ga tazarar. Ƙwayar ba ta jan wutar da na'ura za ta iya ba ta.

Yanzu raba kaurin nan uku, kowane falle milimita 0.167. A sa ilektirod tsakanin kowane biyu, a juya alƙiblar folin ɗin kowane falle, wato inda cajin cikinsa ke fuskanta, ta saɓa da ta maƙwabcinsa, a haɗa ilektirod na ɗaya da na uku waya ɗaya, na biyu da na huɗu waya ɗaya. Ta fuskar sauti, duka ukun suna kumbura tare suna tsukewa tare, kaurin yana nan 0.5, saboda haka firikwansi bai motsa ba. Ta fuskar lantarki kuwa kafasita uku ne a jere kafaɗa da kafaɗa, kowanne ya ninka na asali uku saboda sirantarsa. Uku sau uku tara. Kafasitans ya koma wajen pF 655, imfidans ya sauko wajen om 80. Ƙa'idar ita ce adadin fallaye a ninka da kansa: biyu su ba da huɗu, biyar su ba da ashirin da biyar. Sannan bolt ɗin da ake da shi yanzu yana faɗa wa sulusin kauri, ƙarfin filin lantarki ya ninka uku ba tare da an ƙara bolt ba.

Inda abin ya fi tsanani shi ne jerin ƙwayoyi mai fuska biyu, wanda ake ɗaukar hoto mai zurfi da shi. Ƙwayarsa milimita 0.2 ce ta kowane gefe. Kafasitans ɗinta pF 1 kacal, imfidans wajen om 50,000. Wannan ne ya sa Goldberg da Smith na Jami'ar Duke a Amurka suka yi aiki a kan fiyezo mai hawa-hawa don irin wannan jeri, aikin da ya fito a 1994.

Hanyar ƙira biyu ce. Ta farko, a zuba garin PZT da ɗanko ya zama falle ɗanye, a buga ilektirod a kai, a jera, a danne, a ƙone ɗankon sannu a hankali, sannan a gasa duka tare sama da digiri 1100. Azurfa zalla tana narkewa a digiri 962, dole a yi amfani da gamin azurfa da faladiyom ko filatinom. A wannan zafin dalma na tashi daga PZT, sai an rufe shi da garin da ke riƙe tururinta. Ta biyu, a goge fallayen da aka riga aka gasa, a manna da efoksi. Ta fi sauƙin farawa, amma layin mannin ya zama bai wuce maikiron ɗaya ko biyu ba. Efoksi MRayl 3 ne tsakanin 34 da 34. In ya yi kauri sai ya zama katifa, fallayen su daina motsi a matsayin jiki ɗaya, firikwansi ya sauka, wasu ƙananan kaɗawa su ɓullo.

Ɗalibi_ƘofarMarusa

Na gode ƙwarai, ranki ya daɗe. Ke nan da falle uku hoton zai ninka kyau wajen aikawa da wajen karɓa duka? In haka ne me ya hana a yi wa kowane kan sikanin haka?

Injiniya_Katsinawa

A'a, wajen karɓa lissafin ya sha bamban, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke yin tuntuɓe a rubutunsu.

Idan amsa-kuwwa ta dawo, bolt ɗin da ƙwaya mai falle uku ke fitarwa sulusin na mai falle ɗaya ne. Abin da ta ci shi ne ƙarfin tura wannan bolt ɗin ta cikin kebul. Ka ɗauka kebul na mita biyu yana da pF 150, kuma amfilifayar da ke can ƙarshe ba ta jan wuta sosai. Mai falle ɗaya: 73 a raba da 223, kashi 33 cikin ɗari ya isa. Mai falle biyu: rabin bolt, sau 292 a raba da 442, kashi 33 ɗin dai. Mai falle uku: sulusi, sau 655 a raba da 805, kashi 27. Ka gani, ga wannan ƙwayar falle uku bai ƙara komai a karɓa ba, ya ma ɗan rage. Ribarsa a aikawa take.

Maimaita da ƙwayar pF 1. Falle ɗaya: ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, 0.66. Falle uku: 1.9, kusan ninki uku. Mafi kyawun adadi shi ne inda kafasitans na ƙwaya ya yi daidai da na kebul, a nan wajen falle 12, wanda kowanne zai zama maikiron 40. Don haka kafin ka zaɓi adadin fallaye, ka fara sanin kebul ɗinka.

Dalilin da bai zama ruwan dare ba kuwa, akwai hanyoyin da suka fi arha. Ana sa ƙaramin indokta a mahaɗar kebul ya soke kafasitans. Ana sa amfilifaya a cikin mariƙin kansa. Manyan jeri masu dubban ƙwayoyi yanzu suna da guntun lantarki manne a bayan ƙwayoyin, yana haɗa siginar rukuni-rukuni kafin ta shiga kebul. Ga kuma kiristal na PMN-PT, wani fiyezon daban, wanda ma'aunin mai da wuta motsi a cikinsa ya kai wajen 0.9, alhali na PZT-5H wajen 0.75 ne. Ni a ganina, ga kan duba ciki na yau da kullum mai ƙwaya 128, wahalar hawa-hawa ba ta biyan kuɗinta. Ga ƙaramar na'urar hannu mai batir, wadda ba ta da bolt mai yawa, nan maganar ta zauna.

Malama_Fiziks

Na yarda da lissafin, Injiniya, sai dai kada a raina ribar aikawa. Nama yana cin wajen dB 0.5 a kowace santimita a kowace MHz. A MHz 3, zurfin santimita 15 kai da dawowa dB 45 ne. Ga majinyaci mai jiki, abin da ka ƙara a aikawa yana iya zama bambancin ganin bangon bayan mahaifa da rashin ganinsa, muddin ba a kai iyakar da aka gindaya ba. Hukumar FDA ta Amurka ta tsayar da iyakar MI, ma'aunin ƙarfin matsin sauti a kan nama, a 1.9.

Akwai kuma tarko a cikin ribar nan. Bolt 100 a kan milimita 0.167 ya kama bolt 600 a kowace milimita, kuma wannan ya kusa filin da ke juya folin ɗin PZT-5H. In bugun yana da ɓangaren da ke saɓa wa alƙiblar folin, a hankali ƙwayar za ta yi rauni ba tare da ta tsage ba. PMN-PT ya fi rauni nan, wajen bolt 200 zuwa 250 a milimita ya ishe shi. Sai a rage bolt, ko a tsara bugun ya bi alƙiblar folin.

Zafi ma haka. Kafasitans ninki tara yana jan wuta mai yawa, kuma robar gaba ba ta fitar da zafi. Ƙa'idar IEC 60601-2-37 ta ce fuskar kan kada ta wuce digiri 43 a jikin mutum, ko 50 a iska. A watan Afrilu nan Katsina, ɗakin da babu na'urar sanyaya iska yana iya kusantar digiri 40 tun kafin a kunna komai. Mai ƙira don irin wurarenmu dole ya sa hanyar janye zafi ta baya, falle na jan ƙarfe ko girafayit daga majingina zuwa mariƙi.

MaiGyara_Daura

Sannunku da ƙoƙari manya. Bari in ƙara abin da ke lalacewa da yadda ake gane shi, domin mai ƙira ya san inda kayansa ke mutuwa.

Gwajin farko ba ya buƙatar kayan aiki. A goge kan ya bushe, a riƙe shi a iska, a ƙara haske. Za a ga layuka farare a kwance a saman allo, sauti ne ke kai da komo cikin robar. In sun tafi sumul daga gefe zuwa gefe, lafiya. Baƙin zare siriri da ya sauko daga sama, ƙwaya ɗaya ko biyu sun mutu ko waya ta tsinke. Baƙin fili mai faɗi wanda ke canzawa in an danna da yatsa, roba ko fallen sulhu ne ya ɗaye, iska ta shiga. A kan duba zuciya wannan gwajin ba ya nuna ƙwaya ɗaya, saboda kowane layin hoto duka ƙwayoyin ne ke yin sa, sai dai hoton ya dusashe gaba ɗaya.

Na biyu, mitar LCR mai auna kafasitans, a kHz 1, fil bayan fil a mahaɗa. A wannan firikwansin lambar ta fi ta lissafin Malama, domin ma'aunin dayalektirik a nan wajen 3400 ne: ƙwayar tata mai falle ɗaya za ta nuna wajen pF 170, a ƙara na kebul. Wadda ta nuna na kebul kaɗai, tsinkewar tana can kai. Wadda ta nuna ƙasa da na kebul, wayar ce ta tsinke a hanya, galibi a wuyan mariƙi inda ake lanƙwasawa, ko inda tayar keken na'ura ta taka.

Mai falle uku yana da nasa alamun. In ilektirod na waje ya saki, falle ɗaya ya fita, a ga kashi biyu cikin uku. In na ciki ya saki, fallaye biyun da ke gefensa duka sun fita, a ga sulusi kawai. Yawanci a gefen ƙwaya abin ke faruwa, inda siririn ƙarfen da ke haɗa ilektirod na ciki ya bi ta kusurwa. Shot kuma, wato ilektirod biyu su haɗe, tun daga masana'anta yake farawa: zarto ya ja ƙarfen ilektirod ya shafa a bangon tsagi, tazarar da ke tsakani maikiron 167 ce kawai, danshi ya shiga ya ƙarasa.

Abubuwan da ke kashe kan sikanin a wajenmu sanannu ne. Faɗuwa ƙasa, PZT kamar tangaran yake. Shafa mai ko basilin idan jel ya ƙare, suna kumbura silikon. Yawan gogewa da sifirit, yana busar da robar har ta tsattsage. Ƙurar hunturu a kan jel da ya bushe, in an goge da ƙarfi tana kankare fuskar. Sa shi a tukunyar tururi mai digiri 121 ko 134 kuwa, manni ya saki tun kafin a zo maganar folin. Kuma duk kan da robarsa ta tsage a ajiye shi, kada a liƙe da gam a ci gaba. Ƙarƙashinta akwai bugun bolt masu yawa, jel kuma yana ɗaukar wuta.

Malama_Fiziks

Game da abin da za ka haɗa, ɗana: jeri cikakke ya fi ƙarfin ɗakin gwajin makaranta, zarton yankan kaɗai babban jari ne. Yi ƙwaya ɗaya ka kwatanta.

Nemi faifan PZT-5H mai faɗin milimita 10: guda ɗaya mai kauri milimita 2, da guda biyu masu milimita 1. Mai milimita 2 da kuma biyun nan in an manna su, duka za su yi kaɗawa a wajen MHz 1. Kada ka ɗauki faifai mai faɗin milimita 20, imfidans ɗinsa tun asali ya kusa om 80, raba shi zai sauko da shi 20 ka rasa abin da kake son nunawa. Wajen manna masu milimita 1, haɗa fuskoki masu alama iri ɗaya su kalli juna, da siririn jan ƙarfe mai maikiron 25 a tsakani a matsayin wayar sigina, fuskokin waje biyu su tafi ƙasa. In ka juya ɗaya bisa kuskure, ɗaya zai kumbura ɗaya na tsukewa, MHz 1 ya ɓace ka ga motsi a wajen 2. Wanke fuskokin da asiton, cire kumfar efoksi kafin ka shafa, ka danne da nauyi har ya kwana. Kada ka ɗora ayan soda a kan faifan, zafinsa ya wuce digiri 190 da PZT-5H ke rasa folinsa, yi amfani da efoksi mai azurfa. In za ka goge PZT, ka goge cikin ruwa da safar hannu, fiye da rabin nauyinsa dalma ce.

A kHz 1 ya kamata mai falle ɗaya ya nuna wajen nF 1.2, mai biyu wajen 4.7. Sannan ka sa su a bokitin ruwa suna kallon farantin ƙarfe a tazarar santimita 5. Amsa za ta dawo bayan wajen maikirosakan 67. Auna tsayinta da tsawon jelarta da kebul na mita ɗaya, sannan da na mita biyar. Za ka ga wasu ƙananan tsinaye a ma'aunin imfidans daga wajen kHz 200 zuwa sama, kaɗawar faɗin faifan ce, ka rubuta ta a rahoto. Ka kwatanta sakamakon da samfurin lissafin fiyezo na KLM na 1970, wanda za ka iya rubutawa da kanka a Python ko Octave. Ɓangaren jerin kuma ka yi shi a kwamfuta da manhajar Field II ta Jørgen Jensen daga Danmak, ka canza tazarar ƙwayoyi daga rabin tsawon igiya zuwa cikakke ka nuna reshen gefe yana fitowa. Wannan abin da ka haɗa na bokiti ne, ba a ɗora shi a jikin kowa.